Shin tsaya wa wanda aka tsana yana toshe wa lauya hanyar zama alƙali?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko lauyan da ya tsaya wa mutanen da gwamnati da jama'a suka tsana zai iya zama alƙali ko ɗan majalisa daga baya. Na daɗe ina aikin lauya, kuma na sha ganin abokan aiki masu hazaƙa suna gudun irin waɗannan shari'o'i saboda wannan fargaba, shi ya sa nake so ka dubi rayuwar George Crockett, baƙar fata da ya yi suna a birnin Detroit na Amurka.

A 1949 yana cikin lauyoyin da suka kare shugabannin jam'iyyar kwaminis 11 a New York, inda alƙali Harold Medina ya yanke masa ɗaurin wata 4 bisa laifin raina kotu. Ya yi zaman kurkukun a 1952, har aka nemi a ƙwace masa lasisin aiki. Duk da haka, a 1966 mutanen Detroit suka zaɓe shi alƙalin kotun da ke shari'ar laifuka a birnin.

Abin da ya fi burge ni ya faru ne a Maris 1969, lokacin da aka harbe ɗan sanda ya mutu kusa da cocin New Bethel, 'yan sanda suka kutsa ciki da harbi, suka kama mutum 142, har da mata da yara. Crockett bai jira wayewar garin Litinin ba; ya tafi ofishin 'yan sanda ranar Lahadi da sassafe, ya buɗe zaman kotu a nan, ya sallami mafi yawansu domin babu hujjar tsare su. An zage shi, an nemi a tsige shi, amma bincike bai same shi da laifi ba. A ganina, lauyan da ya taɓa kwana a kurkuku ne zai fi sanin nauyin dare ɗaya a tsare.

Daga 1980 zuwa 1991 ya wakilci Detroit a Majalisar Wakilai ta Amurka, har aka kama shi a 1984 yana zanga-zangar adawa da wariyar launin fata a ofishin jakadancin Afirka ta Kudu.

Sai dai ka lura, ƙuri'ar talakawa ce ta ba shi kujerun nan biyu. A Najeriya naɗa alƙalai ake yi bisa shawarar Majalisar Shari'a ta Ƙasa, saboda haka lauyoyi da alƙalai ne za su auna ka, kuma su yadda ka riƙe ladabin kotu za su fara dubawa.