Abin da za ka shuka a garken kunkuru, da abin da za ka tuge

Ɗana, ka ce Alhajin da ya ba mu aiki a unguwar Gesse yana so a kewaye wa kunkurunsa wuri a bayan gida, a ƙawata shi da shuke-shuke, kana tambaya ko za ka ɗebo daga furannin da muke da su a lambu. Kada ka ɗebo ko ɗaya tukuna. Duk abin da ka sa a cikin wannan garke, abinci ka sa, domin kunkuru zai kai masa baki ko ba jima ko ba daɗe.

Mutane za su ce maka dabba ta san abin da zai cutar da ita. A daji wataƙila, inda take da faɗin ƙasa da zaɓi. Wanda aka tsare tsakanin bango huɗu, rani ya yi, ba ɗanyen ganye sai ɗaya, wannan ɗayan zai ci. Kuma kada ka auna da akuya, cikinsu ba ɗaya ba ne.

Irin wanda ka kwatanta min, mai ruwan ƙasa da ƙaho a cinya, babban kunkurun Sahel ne, shi ne na uku a girma a duniya. Namiji yakan wuce kilo 50, yakan kuma haura shekara 50 a raye. Kiwo yake yi, ciyawa ce abincinsa. Saboda haka yawancin filin ka ba ciyawa. Kiri-kiri ita ce ta farko, tana jure takawa, tana sake tohowa bayan an ci, ga ta nan a kowace fadama daga nan har Argungu. Ka haɗa da guɗe-guɗe da burburwa da harƙiya, waɗanda yake ci tun a daji. A gefe ka sa rama da kabewa, ganyensu da furensu duk lafiya lau. Zogale ka dasa a bayan bango, a riƙa tsinko masa kaɗan. Alayyafo da yakuwa ba guba ba ne, amma yawansu yana hana jiki amfana da sinadarin da ke gina ƙashi da ƙoƙon baya, don haka jefi-jefi za a ba shi.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Kariya ita ce ta fi ba ni tsoro, saboda kowa yana son ta a gida don kyan furenta. Ruwan jikinta na cikin abubuwan da maharba suke dafa dafin kibiya da su, zuciya yake tsayarwa. Ka lura da lokacin da take fure: da rani ne, ta zubar da ganye, ƙasa ta bushe ƙayau, sai ga jajayen furanni suna faɗowa. Kunkuru kuwa idonsa na son ja da rawaya, zai taho kai tsaye. Ko tana wajen garke, in reshenta ya leƙo ciki, daidai yake da ka shuka ta a ciki. Tumfafiya dafinta irin na kariya ne, ita kuma ba sai an shuka ta ba, iska ce ke kawo irinta da wannan farar audugar. Tinya da aguwa da ake shinge da su, ruwansu na ƙona baki da ido.

Ka riƙe wannan gwajin: ka karya ganye ko reshe, in ka ga farin ruwa kamar nono ya tsattsafo, ka fitar da shi, ka wanke hannu kafin ka taɓa fuska. Amma gwajin bai kama kowa ba. Zaƙami ba shi da farin ruwa, ka kuma san abin da yake yi wa babban mutum, balle dabba. Zurma ma haka, 'ya'yanta masu zane su ne mafi muni, in ƙwanson ya bushe yakan fashe ya watsa su nesa. Bini da zugu, ganyen rogo, ganyen tumatir, albasa, duman kada da ke yaɗo a bakin gulbi yana sa tumaki karkarwa, duk ba su da wuri a nan. Furen da aka kawo daga waje wanda ba ka san sunansa ba, ka bar shi a tukunyarsa a ƙofar gida.

Akwai abin da ya shafe mu mu masu lambu. Dashen da muke sayarwa mun yi masa feshin maganin ƙwari, wani mun zuba masa takin zamani. Shuka mai kyau da aka yi wa feshi ta zama guba. Ka shuka daga iri, ko ka haƙo ciyawa daga inda ka tabbata ba a fesa maganin ciyawa ba; gefen gonakin shinkafa ka kiyaye shi. Takin shanu kuma yana zuwa da irin ciyayi iri-iri, shi ya sa bayan ruwan farko sai ka koma ka duƙa, ka bi garken taku-taku, ka tuge duk tsiron da ba kai ka sa ba. Kada garken ya faɗa ƙarƙashin mangwaro, 'ya'yan itace masu zaƙi suna sa shi zawo.

Ka gaya wa mutanen gidan, in sun ga ya ƙi ci, yana dalalar da miyau, ko ƙafafunsa sun saki, kada su ɗura masa manja ko madara, zai iya shaƙewa. Su tsinko ganyen da suke zargi su tafi da shi wurin likitan dabbobi a ranar. Cikin kunkuru a hankali yake narka abinci, alamar kan makara kafin ta bayyana.

Gobe kafin ka sa fartanya, ka zagaya gidan duka, har bayan katangar maƙwabta, ka tsinko min ganye ɗaya daga kowace shuka da ke kusa da wurin, ka kawo mu duba tare. In akwai kariya a jikin bangon, ka sanar da Alhaji cikin ladabi cewa ko a ɗauke ta ko a sauya wa garken wuri. In ya ƙi, ka ce masa ni zan zo mu yi magana.