Dillali ya ce takardun kwastam za su biyo baya: in biya ko in fasa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga wata Corolla 'yar Beljiyam a wani garejin sayar da motoci, bakanikena ya duba ya ce lafiyarta ƙalau, kuma kuɗinta bai kai na sauran ba. Sai dai dillalin ya ce takardun kwastam suna Legas wurin ejan, in biya in ɗauka, za su iso nan da mako biyu, shi da kansa zai yi mini lamba. In biya? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Kada ka biya, ɗan'uwa, ko kafin alƙalami kada ka ajiye. Tambayi kanka abu ɗaya: daga tashar Tin Can ko Apapa zuwa Kano shingen kwastam nawa ne a hanya? Direban da ya tuƙo motar, da takardun nan yake wucewa. To in mota ta iso Kano takardunta na Legas, da me ta wuce? Biri ya yi kama da mutum. Ko dai ta daji ta ɓullo daga Kwatano, alhali gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu daga 1 ga Janairun 2017, ko kuma an biya diyuti amma an yi cuwa-cuwa, an rage mata shekaru a takarda don kuɗin ya sauka. Wannan na biyun ne ya sa kwastam suka koma yanke diyuti da lambar shasi a 2022.

Batun zai yi maka lamba kuwa, kada ya ruɗe ka. Lamba aikin ofishin lasisi ne, ba ta wanke mota a wurin kwastam. Ranar da jami'an sintiri na shiyya ta biyu, waɗanda hedikwatarsu ke Kaduna, suka tare ka a hanyar Zariya da iyali a baya, ba za su tambayi wanda ya shigo da ita ba. A hannunka suka same ta, a hannunka za su karɓe. Lokacin wayar dillali ta daina shiga.

In takardun sun zo, kada kaurinsu ya burge ka. Nemi fom ɗin SGD, wato wanda ake bayyana wa kwastam kayan da aka shigo da su, da takardar da aka yanke diyutin, da rasidin banki, da takardar fitar da motar daga tasha. Ka ɗauki lambar da ta fara da harafin C, da shekarar, da sunan tashar, ka je ofishin kwastam da ƙafarka a duba maka. Kada yaron dillali ya raka ka.

Sannan ka koma jikin motar. Lambar shasi haruffa da alƙaluma 17 ce. Za ka gan ta ta ƙasan gilashin gaba wajen direba, da kuma jikin ginshiƙin ƙofarsa in ka buɗe. Karanta ta ɗaya bayan ɗaya kana bin takarda da yatsa. Ba a sa harafin I ko O ko Q a cikinta, in ka ga ɗayansu an taɓa. Haka in ka ga ƙarfen wurin an goge, ko fentin wurin ya fi na kewaye sheƙi, ka yi sallama ka tafi. Motar sata, ko nawa ka biya, ranar da mai ita ya bayyana da shaidarsa tasa ce, don wanda bai mallaki abu ba ba shi da ikon mallaka wa wani. Shi ya sa a leƙa sashen rajistar motoci na 'yan sanda kafin a biya, ba bayan an biya ba.

Kuɗin kuma ta banki, cikin asusun garejin, a ba ka rasidi mai hatiminsu ɗauke da lambar shasi da ta inji. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu cewa in takarda ta fito ta bogi za a dawo maka da kuɗinka har da la'ada. Dillalin kirki ba ya jin haushin wannan sharaɗin.

Tambaya: Malam, cikin takardun motar da nake son saya akwai wata ta jihar Texas, an buga mata kalmar Salvage. Dillali ya ce ba komai ba ne, duk motocin Amurka haka suke. Gaskiya ne? Daga wata Hajiya a Kaduna.

Amsa: Hajiya, ba gaskiya ba ne. A Amurka kowace jiha ke ba da takardar mallakar mota, kuma ko fitar da motar hannu daga ƙasar ba a yi sai an gabatar wa kwastam ɗinsu da takardar aƙalla awa 72 kafin a loda. Tambarin da kika gani yana nufin kamfanin inshora ya taɓa yanke cewa gyaran motar bai da riba, ya biya mai ita, ya kai ta gwanjo irin na Copart ko IAA. Daga can mutanenmu ke ɗauko da yawa, a gyara a fesa.

Sayenta ba laifi ba ne, wasu ma bugun gefe ne kawai, in an gyara da kyau sai a mora. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ki biya kuɗin wadda ba ta taɓa hatsari ba. Sa lambar shasin a Google, sau da yawa hotunan ranar gwanjon kan fito, ki ga motar kafin kwalliya. Rahoton Carfax, kamfanin da ke adana tarihin motoci a Amurka, kuma zai nuna miki tarihinta da tafiyar da ta yi, ki kwatanta da abin da mita ke nunawa. Wadda na fi tsoro ita ce wadda ambaliya ta shanye. Bakanike ya ɗaga kafet ya duba busasshen taɓo, ya leƙa kusoshin ƙarƙashin kujera ko sun yi tsatsa. In haka ne ki bar musu, wayoyinta ba za su bar ki ki huta ba. Ki kuma sani takardar Texas ba ta mallaka miki komai a Najeriya. Ta kwastam ce ke magana.

Tambaya: Na sayi motar hannu mai lamba, takardun da sunan mai ita na farko. Dillali ya ce in bar su haka, canjin suna ɓarnar kuɗi ne. Daga Gusau.

Amsa: Ka canza, Malam, cikin makon nan. Karɓi takardar cinikin da sa hannun mai sunan kansa, da kwafin katin shaidarsa, da takardar mallaka da ta lamba na asali, ka kai ofishin lasisi. Inshorar dole ta motar gida Naira 15,000 ce tun Janairun 2023. Ka yi da sunanka, ka duba a shafin NIID, rumbun bayanan kamfanonin inshora na Najeriya, ka tabbatar ta shiga, don ta bogi ta yi yawa. In ka bar sunansa, ranar da Allah ya yi masa rasuwa magadansa na iya lissafa motarka cikin gado, kuma takarda na bayansu.