Rahoto kore, aiki ja

Tambaya: Malam, ni ke jagorantar aikin haɗa manhajar biyan albashi a kamfaninmu. Masu ba da shawara da muka ɗauko sun kafa mana Jira, manhajar bibiyar aiki, da taron tsayuwa na kullum, gajeren taron da kowa ke faɗin inda ya kai. Duk mako rahoto kore ne, wato komai na tafiya daidai, sai ana saura sati uku a ƙaddamar na ji ko gwajin farko ba a yi ba. Mu sauya Jira ne, ko mu ƙaro ma'aikata? Hankalina a tashe yake.

Amsa: Kada ka yi ko ɗaya. Ƙaro mutane cikin aikin da ya riga ya makara jinkiri yake ƙara masa, domin tsofaffin ne za su ajiye nasu su koya wa sababbi. Masanin kwamfuta Fred Brooks ya faɗi haka tun 1975.

Abin da ya same ka 'yan harkar suna ce masa rahoton kankana: kore a waje, ja a ciki. Kuma na gaji da jin cewa wai manhaja ko Agile, tsarin gudanar da aiki kaɗan-kaɗan, zai gyara wannan. Ina! Jira abin da aka shigar mata kawai take nunawa. Idan a ofishinku wanda ya ce "na makale" shi ake tsarewa da ido a gaban oga, to "kashi 90 an gama" zai yi ta rubutawa har wata biyu. Taron tsayuwa na minti 15 da aka tsara don abokan aiki su cire wa juna ƙaya sai ya koma zaman kare kai. Masu sayar da kwas ɗin Agile na kwana biyu da satifiket ba za su gaya maka wannan ba, ai kasuwarsu ce. Shi kansa mai ba da shawara, in ya lura mai sa hannu a takardar biyansa ba ya son labari mara daɗi, shi ma kore zai shafa.

Daga yau daina karɓar kaso. Kowane sati biyu a nuna maka abin da ke aiki: a shigar da ma'aikaci ɗaya, a fitar da albashinsa, a cire haraji, ka gani da idonka. Ku rubuta ma'anar "an gama", wato an gwada kuma sashen kuɗi ya amince. A taro, oga ya yi magana a ƙarshe. Wanda ya fara ɗaga jan tuta, wato ya ce akwai matsala, a tambaye shi abin da yake buƙata, kada a fara da neman mai laifi, don sauran suna kallon yadda za a yi da shi.

Ranar ƙaddamarwa kuwa, je ka gaya wa shugabanninka a makon nan cewa ba za ta yiwu ba, tare da jerin abin da za a iya kammalawa cikin sati ukun.