Ga mai tambayar shayi da jiri, ni ma sai da na faɗi a kasuwa

'Yar'uwa, ina karanta tambayarki na ajiye ɗinkin da ke hannuna. Kin ce cikinki wata biyar, ba abin da ke zama miki sai shayi da burodi, kina sha sau huɗu ko biyar a wuni, ga jiri ga bugun zuciya, kina tambaya ko shayin ne. Wallahi kamar labarina kika rubuta.

Haka na yi a cikin ɗana na uku, nan Gusau. Laulayi ya raba ni da tuwo, ko ƙamshin daddawa ba na so. Fulas ɗina kullum a cike, ganye biyu nake jefawa ya yi baƙi wuluk, suga cokali uku. Da dare in sun dafa ataya a majalisa maigida ya aiko yaro da nawa, dahuwar farko ma, mai ɗacin nan da kumfa a sama. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba mu a awo kuwa, da shayin nake kora ta.

Na sha yi wa yayar mijina kukan jiri, don ita ce babba a gidan. Sai ta taɓe baki ta ce, "Ke dai raki gare ki, shayi da madara ai jini ne. Mu haihuwa tara munka yi, wa ya ji kukanmu?" Har a gaban baƙi ta faɗa, ranar sunan wata maƙwabciya, mata suka yi ta dariya. Daga nan na kama bakina, ko ƙasa na juya min ba na faɗa. Wata safiya cikin hunturu na shiga kasuwa sayen zare da shafi, ina miƙa kuɗi kunnuwana suka toshe. Farkawa na yi a ƙasa, zanena duk ƙura, wata tsohuwa mai sayar da kuka tana shafa min ruwa a fuska, ɗiyata 'yar shekara huɗu tana ta ihun Mama. Har yau in na tuna kukan yarinyar nan sai idona ya cika. Ko a asibiti da yayar tasa ta zo, cewa ta yi na tara musu jama'a.

Da aka auna, jinina ya yi ƙasa ƙwarai. Wata nas, Allah Ya saka mata, ita ta zaunar da ni. Ta ce ganyen shayi yana da sinadarin tanin, shi ke sa baurin nan a harshe, kuma yana riƙe sinadarin ƙarfe na abinci ya hana jiki zuƙarsa. Wato ƙwayar da nake sha, shayin na rage mata amfani. Ki kora taki da ruwa, ki bar aƙalla awa ɗaya tsakanin abinci da shayi. Bugun zuciyar ma, ƙarancin jini na kawo shi, sinadarin kafin da ke cikin ganyen, mai hana barcin nan, na ƙara shi. Mai ciki ana so kada ta wuce miligiram 200 na wannan sinadarin a wuni, babban kofi ɗaya kuwa yakan kai 75, kin ga biyu sun isa. Koren ganyen ataya da ake kawowa daga Sin shi ma yana da shi, balle an daɗe ana tafasa shi a kan gawayi.

Ni ban bar shayi ba fa, kuma ba zan ce ki bari ba. Wa zai yi baƙo da sanyin nan bai ɗora buta ba? Da hantsi nake shan nawa, mara kauri, na ganyen Mambila. In tashin zuciya ya taso sai in dafa citta zalla da ɗan lemon tsami, babu ganye, ta taimake ni sosai. Sugan ma ki rage, Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi ya fi kyau kada a wuce kamar ƙaramin cokali 6 a wuni, ni kuwa kofi biyu na cinye wannan. Ki lallaɓa ki ci nama ko da yanka uku ne, da kwaɗon zogale da wake.

Amma don Allah kada ki jira ranar awo, gobe ki je a duba jininki, kuma kada ki tafi ke kaɗai. Duk wadda ta ce raki ne, ki ƙyale ta. Tawa har yau ba ta ce min sannu ba, yaron ga shi har ya shiga makaranta. In kin karɓo sakamakon ki dawo ki faɗa mana nawa ne.