Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Masu Ra'ayin Riƙau Suka Juya Wa Harriet Miers Baya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, na karanta cewa a shekarar 2005 Shugaba George W. Bush na Amurka ya gabatar da sunan wata mata domin ta zama alƙaliya a Kotun Ƙolin ƙasar, amma sai magoya bayansa masu ra'ayin riƙau suka yi mata ca har aka janye sunanta. Abin ya ɗaure mini kai, domin na ɗauka 'yan adawa ne ke yin irin wannan aiki. Mene ne laifinta? Kuma shin hakan na iya faruwa a Najeriya? Daga wani ɗalibin shari'a, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam ɗalibi. Matar da kake nufi ita ce Harriet Miers, lauya daga birnin Dallas na jihar Texas, wadda ta daɗe tana yi wa Bush aikin lauya tun kafin ya zama shugaban ƙasa, kuma a lokacin ita ce babbar mai ba fadarsa shawara kan harkokin shari'a. Bush ya gabatar da sunanta ranar 3 ga Oktoba, 2005 domin ta gaji Mai Shari'a Sandra Day O'Connor, sannan aka janye sunan ranar 27 ga watan, tun kafin kwamitin shari'a na Majalisar Dattawa ya zauna tantance ta. A lokacin jam'iyyar Republican ta Bush tana da kujeru 55 cikin 100 a majalisar, saboda haka ba ƙarfin 'yan adawa ne ya kayar da ita ba. Hasali ma jagoran 'yan Democrat a majalisar, Harry Reid, yana cikin waɗanda suka yaba da ita, kuma wannan yabon ya ƙara wa 'yan riƙau zargi.

Sai ka fara sanin darajar kujerar da ake magana a kai. Alƙalan Kotun Ƙolin Amurka tara ne, kuma ba su da shekarun ritaya, sai dai mutuwa, ko murabus don raɗin kai, ko tsigewa, saboda haka wanda aka naɗa yana iya shafe shekara talatin yana yanke hukunci bayan shugaban da ya naɗa shi ya bar mulki. O'Connor kuwa ita ce ta kan raba gardama idan alƙalan suka rabu gida biyu, musamman a shari'o'in zubar da ciki da na matsayin addini a harkokin gwamnati. Duk wanda ya hau kujerarta shi zai karkata kotun, kuma 'yan riƙau sun daɗe suna jiran wannan rana.

Ba yau suka fara shan takaici ba. A 1987 Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da Robert Bork, wanda Shugaba Reagan ya zaɓa, da ƙuri'a 58 da 42, bayan an bi rubuce-rubucensa ɗaya bayan ɗaya an yi masa makami da su. Daga nan shugabannin Republican suka fara sha'awar mutumin da ba a san ra'ayinsa ba, domin ba za a sami abin kama shi da shi ba. Haka Bush babba, mahaifin George W. Bush, ya naɗa David Souter a 1990, kuma shugaban ma'aikatan fadarsa, John Sununu, ya tabbatar wa 'yan riƙau cewa nasu ne. Bayan shekara 2 kacal, a shari'ar Casey ta 1992, Souter ya haɗu da O'Connor da Anthony Kennedy suka tabbatar da ginshiƙin hukuncin Roe na 1973 wanda ya ba mata 'yancin zubar da ciki, hukuncin da 'yan riƙau ke son a soke, alhali dukansu uku shugabannin Republican ne suka naɗa su. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Da aka kawo musu Miers, wadda ba ta taɓa zama alƙaliya ba kuma ba ta da wani rubutu na kirki a kan tsarin mulki, Souter suka gani ya dawo.

Marubutansu ne suka fara buɗe wuta. William Kristol ya rubuta tun a ranar farko cewa zaɓin ya kashe masa gwiwa, George Will da Charles Krauthammer suka ce ba ta cancanta ba kuma kusancinta da shugaba ne kawai ya kai ta, Bork kansa ya kira zaɓin bala'i. An kuma tono cewa ta taɓa ba da gudummawar kuɗi ga yaƙin neman zaɓen Al Gore na Democrat a 1988. Fadar shugaban ta mayar da martani da abu biyu, wato cewa Bush ya san zuciyarta, da kuma cewa mace ce mai riƙo da addini, kuma wasu jagororin Kiristoci irin su James Dobson sun karɓi wannan. A ganina a nan fadar ta fi yin kuskure, domin makonni kaɗan kafin nan, lokacin tantance John Roberts, wanda Bush ya zaɓa ya zama shugaban alƙalan Kotun Ƙoli, mutanen Bush ne suka dage cewa bai kamata a sa addinin mutum cikin ma'auni ba. Lauyoyin riƙau kuma, waɗanda ƙungiyar Federalist Society ta horar tun kafa ta a 1982, ba alkawarin yadda za ta jefa ƙuri'a a shari'a ɗaya suke nema ba. Alƙali suke so mai tsayayyen tafarki na fassara tsarin mulki bisa ma'anarsa ta asali, wanda zai iya kare wannan tafarki da alƙalami a gaban sauran takwas ɗin. Suna da irin waɗannan alƙalai da yawa a kotunan ɗaukaka ƙara, shi ya sa tsallake su ya yi musu zafi.

Adalci ne a ce hujjar rashin zama alƙaliya ita kaɗai ba ta da ƙarfi, domin William Rehnquist, wanda 'yan riƙau suke ji da shi, bai taɓa alƙalanci ba kafin ya shiga kotun a 1972. Miers kuma ba ƙaramar lauya ba ce, ita ce mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar lauyoyin Texas. Sai dai ita ma ba ta taimaki kanta ba, domin shugaban kwamitin shari'a Arlen Specter da takwaransa na Democrat Patrick Leahy sun mayar mata da takardar tambayoyin da ta cike, suka ce amsoshin ba su gamsar ba. Dalilin da aka bayar a hukumance na janyewar shi ne sanatoci suna neman takardun sirri na aikinta a fadar shugaban, amma ba kowa ne ya yarda da hakan ba. Ranar 31 ga Oktoba Bush ya gabatar da Samuel Alito, wanda ya shekara 15 a kotun ɗaukaka ƙara kuma hukunce-hukuncensa suna nan a rubuce, aka tabbatar da shi a Janairun 2006 da ƙuri'a 58 da 42. Shi ne ya rubuta hukuncin Dobbs na 2022 da ya soke Roe.

Game da Najeriya, da wuya a ga irin wannan, domin hanyar daban take. Sashe na 231 na tsarin mulkin 1999 ya ce shugaban ƙasa yana naɗa alƙalan Kotun Ƙoli ne bisa shawarar Majalisar Shari'a ta Ƙasa, wato NJC, sannan Majalisar Dattawa ta tabbatar, sashe na 291 kuma ya ce su yi ritaya idan sun cika shekara 70. Saboda haka shugaba ba shi da damar ɗauko lauyansa kai tsaye yadda Bush ya yi, kuma a 'yan shekarun nan daga Kotun Ɗaukaka Ƙara ake ɗauko su. Ce-ce-ku-cen da ke biyo bayan naɗi a nan ya fi karkata ga shiyyar da alƙali ya fito da kuma waɗanda aka tsallake a jerin girma, ba kan tafarkinsa na fassara tsarin mulki ba.