Kun Tambaya, Mun Amsa: Wace Dabba Ce Ta Fi Gudu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Littafin da nake koyar da 'yan aji biyar da shi ya ce rabbi ne ya fi kowace dabba gudu a duniya. Sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce yayansa ya nuna masa a waya wai tsuntsu ne. Wanne zan tsayar wa yaran? Daga wani malamin firamare, Argungu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da littafin da yaron duk ba su yi ƙarya ba, sai dai kowa da filin da yake magana a kai. A doron ƙasa rabbi ne. A sararin sama kuwa shaho ne, kuma tazarar da ya ba rabbi ba kaɗan ba ce.

Mu fara da rabbi, don yara kan rikita shi da damisa. Rabbi siriri ne, mai dogayen ƙafafu da ƙaramin kai, ɗigon jikinsa baƙaƙe ne cikakku, kuma yana da baƙin zane da ya sauko daga kowane ido zuwa gefen baki kamar sawun hawaye. Damisa ta fi shi kauri da ƙarfi, amma gudunta bai cika wuce kilomita 58 a awa ba. A shekarar 2012, wata macen rabbi ta gidan namun daji na Sinsinati a Amurka ta cinye mita 100 cikin sakan 5.95, inda ƙololuwar gudunta ta kai kilomita 98 a awa. Ka kwatanta wa yaran da Usain Bolt, zakaran tseren nan ɗan Jamaika, wanda ya yi wannan nisan cikin sakan 9.58 a Balin ta Jamus a 2009. Yana tsakiyar fili, ita ta kusa isa.

Amma wannan gudu ne a shararren fili. Masu bincike daga Ingila da suka ɗaura wa rabbi na daji na'ura a wuya a ƙasar Botsuwana sun fitar da sakamakonsu a 2013: mafi girman gudun da suka samu kilomita 93 ne, kuma yawancin farauta ba ta ma kusanci haka ba. Abin da ke ci wa rabbi barewa shi ne saurin tashi, da taka birki, da karya kwana. Ƙashin bayansa na lanƙwashewa ya miƙe kamar baka, shi ya sa taku ɗaya ke kai mita 7. Faratansa ba sa komawa ciki gaba ɗaya kamar na kyanwa, suna kama ƙasa kamar ƙusoshin takalmin ƙwallo. Doguwar wutsiyarsa ce ke riƙe shi kada ya kife idan barewa ta yi gwauron juyi.

Raunin abin shi ne ba ya daɗewa. Bayan mita 200 zuwa 300 ƙarfin ya ƙare. Ko ya kama, sai ya zauna yana haki na tsawon lokaci kafin ya iya ci, nan ne kura ko zaki kan zo su ƙwace. Ka kuma gaya wa yaran cewa ba dabbar nesa ba ce: akwai ragowar rabbi, 'yan kaɗan ƙwarai, a gandun dajin W da na Panjari, wajen iyakokin Nijar da Benin da Burkina Faso, yamma da Jihar Kebbi.

Shahon da yaron ke nufi kuwa jinsin da masana ke kira feregirin ne. Idan yana tafiyarsa a miƙe, gudunsa tsakanin kilomita 65 ne zuwa 95. Sai ya yi sama sosai ya hango kurciya ko tattabara, ya naɗe fukafukai ya sulmiyo da ka, sannan yake wuce kilomita 300. Wani mai horar da shaho a Amurka, wanda ya riƙa dirowa daga jirgin sama tare da tsuntsuwarsa, ya auna mata kilomita 389 a awa. Wato tsawon filin ƙwallo guda cikin sakan ɗaya. Yana da wani ɗan tsiro a cikin hancinsa da ake ganin yana rage ƙarfin iskar da ke shiga, da wata siririyar fata da ke share masa ido. Ba ya cafke abin farauta da wannan gudun, dunƙule ƙafa yake yi ya nausa, sannan ya juyo ya ɗauka. Idan wani yaro mai wayo ya ce ai wannan faɗowa ce ba gudu ba, kada ka hana shi, yana da hujja.

Tambaya: Muna da musu a wajen sukuwa. Abokina ya rantse dokinsa na yin kilomita 80, wai ya bi shi da mashin ya ga allura. Ta yaya za mu auna ba tare da na'ura mai tsada ba? Daga wani mai kiwon dawaki, Gusau.

Amsa: Ranka ya daɗe, abokinka dai ya so dokinsa. Tarihin da aka rubuta wa dokin tsere na Turai kilomita 70 ne da 'yan kai a awa, a Amurka a 2008, kan nisan mita 402. Akwai wani jinsin dokin Amurka na gajeren zango da aka auna ya kai wajen 88, amma wannan zuriya ce da aka daɗe ana tacewa don haka kawai. Doki lafiyayye da mahayi a kai yakan yi 40 zuwa 48. Allurar mashin kuwa ba shaida ba ce: yawanci tana nuna fiye da gaskiya, kuma mai bin doki daga baya dole ya fi dokin gudu kafin ya cim masa.

Ga yadda za ku raba gardama. Ku sami fili mai tauri, ba rairayi ba. Ku auna mita 200 da tef ɗin magina, kada ku auna da taku, ku kafa sanda a farko da ƙarshe. Dokin ya taso daga mita 50 kafin sandar farko, don ya shigo da cikakken gudu. In ya tashi daga tsaye, lokacin ɗaukar wuta zai rage masa lissafi. Mutum ɗaya ya tsaya a sandar farko da tuta, ya sauke ta daidai lokacin da ƙirjin doki ya gifta. Mai agogon waya yana sandar ƙarshe, ya danna da ganin tuta ta sauka, kada ya jira ihu, domin sauti na ɗaukar fiye da rabin sakan kafin ya ratsa mita 200. Sannan ku raba 200 da yawan sakan, ku ninka da 3.6. Misali sakan 16: 200 a raba 16 ya ba da 12.5, sau 3.6 ya zama kilomita 45. Kafin dokin abokinka ya yi 80, sai ya cinye wannan fili cikin sakan 9.

Ku yi sau uku, da hutu mai kyau a tsakani, da sanyin safiya, ku ɗauki na tsakiya. Kada ku rage nisan zuwa mita 50, don a nan kuskuren yatsa na rabin sakan kaɗai zai sauya amsar da wajen kilomita 5.

Tambaya: Na ji an ce akwai kifin da ke yin kilomita 110 a ruwa. Ni da na girma a bakin Kwara abin ya yi mini yawa. Daga wani masunci, Yawuri.

Amsa: Shakkarka na kan hanya, Baba. Kifin teku ne mai dogon baki kamar mashi da faffaɗan tuta a gadon baya. Adadin ya samo asali ne daga wani tsohon awo, inda aka ce kifin ya ja mita 91 na zaren ƙugiya cikin sakan 3. Kai ka san kifin da ƙugiya ta kama tsalle yake yi, jirgi ma na motsi, zaren ba ya faɗin gudun kifi shi kaɗai. Awon baya-bayan nan da kyamara da na'urar da ake maƙala wa kifin bai kai ko rabin wancan ba. Ruwa ya fi iska nauyi wajen sau 800, ture shi ba wasa ba ne.

Tambaya: Idan tseren mai nisa ne fa, kamar kilomita biyar, wa zai ci? Kuma cikin dabbobinmu na nan wanne ne gwani? Daga wata ɗalibar sakandare, Kauran Namoda.

Amsa: Madalla da tambaya, 'yata. A kilomita biyar rabbi ba ya cikin lissafi, tun a farko zai kwanta. Wata dabba mai kama da barewa da ke Arewacin Amurka, furonhon, ita ake ba wa kambun: tana taɓa kilomita 88, kuma tana iya riƙe 56 har tsawon kilomita 6, saboda girman huhunta da zuciyarta. Jimina na biye. Tana kai 70, tana riƙe wajen 50 na dogon lokaci, da yatsu biyu kacal a kowace ƙafa, kuma babu mai ƙafa biyu da ya kamo ta. Raƙumin tsere na yin 65 a gajeren zango, ya riƙe 40 har kusan awa guda.

A dajinmu kuwa, ki lura da jan biri, wannan mai dogayen ƙafafu da ke ɓarna a gonar gero da gyaɗa. Yana kai kilomita 55 a awa, kuma duk cikin dangin birai na duniya shi ne ya fi gudu a ƙasa. Bolt a ƙololuwar gudunsa bai cika 45 ba, don haka yaron da aka sa gadin gona ya daina wahalar da kansa da bin sa, ya tsaya ga gwangwani da majajjawa.