Mi ya sa ake renon ƙwayoyin jijiyar dodon koɗin teku a sanyi, cikin ruwan gishiri?

Salamu alaikum ɗana, na ga saƙonka. Ka ce takardar da labon (ɗakin binciken kimiyya) da za ka tahi horo suka turo maka ta rikita ka, wai za a reni ƙwayoyin jijiyar dodon koɗin teku a digiri 14, cikin ruwa mai gishiri, ba ma iskar CO2, alhali ni na koya maka ƙwaya ba ta rayuwa sai a 37. Kuma kana tambaya mi ya hana a yi da ɓera tunda ga shi nan ko'ina.

To 37 ɗin da na koya maka ai zafin jikin mutum ne da ɓera, ba doka ba ce a kan kowace halitta. Ƙwaya in ka raba ta da jikin mai ita, abin da ta saba da shi za ka ba ta. Dabbar nan, Aplysia californica, a gaɓar tekun Kalifoniya take zaune cikin ruwa mai sanyi, gishirin jininta kusan ɗaya yake da na teku. Shi ya sa ake ɗaukar ruwan reno, wato ruwan abincin da ake raya ƙwaya a ciki, irin wanda ake kira L15, a ƙara masa gishiri har ƙarfinsa ya kai wajen miliosmol 1000 (ma'aunin yawan abin da ya narke a ruwa), namu jinin kuwa wajen 290 ne. Ka zuba mata ruwan da muke wa ƙwayar mutum, ruwa zai kwarara cikinta ta kumbura ta fashe kana kallo. Shi kuma L15 dama an haɗa shi ne don ya riƙe pH ɗinsa, wato ma'aunin tsaminsa, a iskar ɗaki, ba ya buƙatar CO2. Wallahi wannan sauƙi ne babba, don za ka aza su a kan mikroskop a ɗaki mai sanyi ka yi awoyi kana kallo ba su mutu ba.

Maganar ɓera kuma girma ne ya raba su. Jijiyoyin wannan dabba gaba ɗaya wajen ƙwaya 20,000 ne, wasu manya ƙwarai, akwai mai kai milimita guda wadda ido ma yana ganinta. Da ita Eric Kandel ya yi aikinsa kan yadda ake koyo da tunawa har ya samu kyautar Nobel a 2000. Amma ku abin da za ku kalla shi ne kan tsiron, wato bakin nan mai faɗi da ke gaban zaren jijiya lokacin da take neman hanya. Ramon y Cajal ya fara bayyana shi a 1890 cikin ɗan tsakon da bai ƙyanƙyashe ba, a mataccen yankin jiki, sai a 1907 Ross Harrison ya reni jijiyar kwaɗo ya ga zaren yana fitowa da ransa. Kan tsiron ɓera ƙarami ne kana ta matse ido, na wannan dabba kuwa ya ninka shi sau da yawa, shimfiɗe fayau a kan gilas, komi a fili.

Yadda aikin ke tafiya, da farko a yi wa dabbar allurar magnesium chloride har ta saki jiki, kar ka yi gaggawar yanka tana motsi, kuma ka sani in ta ji tsoro tana fesa wani ruwa shuɗi-shuɗi mai jaja. Sai a buɗe a ciro ƙullin jijiya na ciki, a samansa akwai tarin ƙwayoyi guda biyu, hagu da dama, su ne masu ba da umarnin saka ƙwai, su ake so. A jefa ƙullin cikin anzim dispase, sinadari mai narkar da abin da ke ɗaure ƙwayoyi, ya kwana don fatar da ta lulluɓe shi ta yi laushi. Nan ne nake so ka buɗe kunne. In bai jima ba fatar za ta yi tauri ka yi ta ja da hantsaki har ka yayyaga ƙwayoyin, in kuma ya wuce lokaci su yi laɓɓan su ƙi kama gilas. Ka rubuta awar da ka sa da zafin ɗakin kullum, kar ka dogara da kai.

Lamel kuwa, ɗan gilas ɗin nan siriri da ake aza ƙwayoyin a kai, sai an wanke ta tas an shafe ta da polilizin, sinadarin da ke sa ƙwaya ta manne, a ɗauraye a bar ta cikin ruwan reno. Ka ɗauki ƙwaya ɗaya ɗaya da pipet, ɗan bututun zuƙar ruwa, a hankali, wadda ta taho da ɗan guntun zarenta ta fi saurin tsiro, ka ajiye su nesa da juna, kuma don Allah in ka gama kar ka taɓa farantin, bar shi a wurin awa biyu ko fiye su manne tukuna. Yawancin yaran da na gani suna ɓata aikin nan ɗoki ne, a ɗaga a duba, a sake ɗagawa a duba, da safe a tarar duk suna yawo a ruwa.

Washegari in ka sa a mikroskop za ka ga kan tsiron da tsakiya mai kauri inda microtubule, ƴan sandunan da ke tokare zaren, suke, sai gefe siriri mai ƴan yatsu na actin, wani furotin mai kamar zare, suna miƙewa suna komawa. Ka zuba ido sosai za ka ga kamar komi na gefen yana malalowa baya zuwa tsakiya, ƴan mikron kaɗan a minti (mikron dubu ne milimita guda). Masu bincike Forscher da Smith sun nuna wannan a 1988 da irin ƙwayoyin nan. Ka tuna mota in ta kafe a yashin gulbin Maradi, taya na ta juyawa tana watsa yashi baya mota ba ta gaba, sai ta samu abin kamawa sannan ta zabura. Haka kan tsiron yake, in ya kama abin da ke ƙasansa da kyau malalar ta ragu shi kuma ya ci gaba. Ni har yau in na tuna ganin nan sai na ce Allahu Akbar.

A nan gida dai ba za mu iya ajiye dabbar ba, ba teku, ga zafin Afrilu da ke haura 40, ga kuran mai ɗaukewa, ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina. Amma hannu ana iya gyara shi a nan. Akwai masu binciken da suka yi irin wannan aiki da dodon koɗin ruwan daɗi, irin su Lymnaea da Helisoma, to mu ma mu samo na tabki ka koyi ciro ƙullin jijiya ƙarƙashin madubi ba tare da hannu na rawa ba. Sai dai ka sa safar hannu, kar ka shiga ruwan da ƙafa, don wasu dodon koɗin tabkunanmu su ke ɗauke da tsutsar tsargiya. Kuma su ba ruwan teku za mu zuba musu ba, gishirin jininsu kaɗan ne ƙwarai, sai mu haɗa nasu daban.

Ka zo labo ran Asabar da sassafe kafin rana ta ɗaga, ka taho da takardar tasu mu bi ta layi layi, ni zan wasa hantsakin nan biyu masu tsini in ajiye maka. Ka gaida mutan gida.